Kwanon Inna Habsatu

Ranar Laraba da hantsi Rahina tana tsakar gida tana goge mayafin da za ta shiga gidan rediyo da shi, sai ka ce masu saurare za su gan ta. Mahaifinta, Mushe Zakariya, kamar yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, yana kan kujerarsa a inuwar darbejiya da takardunta a cinya. Shekara talatin da biyu ya yi yana gyara rubutun 'ya'yan mutane a lakwal, wato makarantar boko. Shi ya yi ritaya, amma jan alƙalaminsa bai yi ba. Duk takardar da ta shigo gidan nan sai ta sha ja, har katin gayyatar biki.

Takardun na littafin digirinta na uku ne, wanda 'yan boko ke ce wa tez. Shekara huɗu ta yi tana kai da komo tsakanin jami'a a Yamai da Dogon Dutsi, tana bin mata gida-gida da 'yar na'urar ɗaukar murya, tana neman amsar tambaya ɗaya: me ya sa ɗakin amarya ke ƙara cika kowace shekara alhali rumbu yana raguwa? Amsar da ta samo ita ce talla. Tallan rediyo, tallan tele, da hotunan da 'yan kasuwa ke turo wa mata a salula, na gadaje da kuloli da jerin tangaran da ba a taɓa cin tuwo a cikinsu. Rahina ta iya aikinta, wannan ba a musu. Ta kuma san ta iya, nan ne 'yar matsalar take.

Mushe Zakariya ya tsaya a babi na huɗu, inda aka ba da labarin wata mata da ta sayar da gonarta ta gado don ta cika ɗakin 'yarta. Ya tambayi Rahina ko matar ta san za a yi maganarta a rediyo. Rahina ta ce akwai takardar yarda da matar ta dangwala wa yatsa, kuma ta bi ƙa'idar aiki ta canja mata suna, a littafin Amira take.

"Kin canja mata suna," in ji shi, "amma kin bar mata gonarta."

Rahina ta yi dariya, ta ce Baba dai ba ya rasa wurin sa ja. Mai kabu-kabu yana jira a ƙofa, ta yafa mayafi ta fita.

Matar nan ba wata ba ce illa Inna Habsatu, mahaifiyar Abdussalamu, saurayin da aka sa ranar aurensa da Rahina bayan Babbar Salla. A gidan Inna ma suka fara ganin juna, shekara biyu da suka wuce. Rahina ta je hira da tsohuwar, ta gama tambayoyinta tana shirin tashi, sai ga shi ya yi sallama ya shigo don ya duba batirin solan mahaifiyarsa. Dogo ne, mai ɗan gemu da wando iya ƙwauri, yana da shagon kayan sola a bakin kasuwa. Ya gaishe ta kansa a ƙasa, ya tafi ya durƙusa gaban batiri yana taɓa wayoyin da babu abin da ya same su. Bai wuce wata guda ba ya aiko kawunsa wajen Mushe Zakariya.

Sun dace ta inda mutane ba su zata ba. Shi yana ƙin cika ɗakin amarya domin malamansa sun karantar da shi almubazzaranci ne, ita tana ƙinsa domin littattafanta sun ce tarkon 'yan kasuwa ne. Har sun yi shawara ɗakinsu gado ne da tabarma da kantar littattafai, shi ke nan. Rahina tana son sa ƙwarai, ko da yake in ka tambaye ta sai ta ce ra'ayinsu ne ya zo ɗaya.

A gidan rediyon, wani ƙarami na cikin gari, shirin ya yi daɗi. Mai gabatarwa yana kiran ta Dokta tun ba ta zama ba, ita kuma ba ta hana shi ba. Da ya ce ta ba masu saurare misali, ta ce akwai wata baiwar Allah, bari a kira ta Amira, wadda ta sayar da gonarta mai gawo uku a hanyar Matankari, saboda 'yarta ta ga jeren kaya a tele. Yau ga ɗaki cike da tangaran, ga uwa tana auno hatsi a kasuwa. Ta ce wannan shi ne aikin talla, yana shiga kan mace ya yi mata tunani. Ta fito tana jin ba ta taɓa bayani mai kyau kamar na yau ba.

Gona mai gawo uku a hanyar Matankari guda ɗaya ce. Duk wanda ya taɓa hawa motar kasuwa ya bi hanyar nan ya san ta, ya san mai ita ta dā, ya san bikin Ummu, ƙanwar Abdussalamu, da aka yi bayan an sayar da ita. A Yamai canja suna yana ɓoye mutum. A Dogon Dutsi sai dai ya ƙara masa suna na biyu. Washegari Inna Habsatu ta je wani suna a unguwarsu, tana cire takalmi wata mata ta ɗaga murya daga cikin rumfa ta ce, "Maraba da Amira!" Aka kwashe da dariya. Inna ta mayar da takalminta ta koma gida, ba ta ko ga jaririn ba.

Abdussalamu ya zo bayan la'asar. Bai zauna a tabarmar da aka shimfiɗa masa a zaure ba. Ya ce Inna ta ce a ɗage ranar, kuma ba ta faɗi zuwa yaushe ba. Rahina ta shiga kare kanta kamar tana gaban malamanta: ba ta ambaci suna ba, akwai takarda, abin da ta faɗa gaskiya ne, shi ma ai ya yi faɗa da Inna a kan sayar da gonar.

"Shi ne abin da ya hi yi mata ciwo," in ji shi. "Cewa take ni na ba ki maganag ga, na rasa yadda za ni hwaɗa mata, na aike ki rediyo."

"To, sai ka gaya mata ba haka ba ne."

"Na gaya mata. Rahina, takardar da kike magana da Faransanci take. Inna ta dangwala ne don kin ce ta dangwala."

Rahina ta tambaye shi, to shi ina ya tsaya. Ya ce ba zai ɗaura aure mahaifiyarsa tana kuka ba, ko da shekara goma za a yi. Ya ce kuma ba zai nemi wata ba, ko da shekara goman ce. Ya juya ya tafi. Ta tsaya a zauren tana jin haushinsa, domin ya faɗi abin da ba za ta iya kama shi da laifi a kai ba.

Kwana biyu tana fushi da gari duka. Ta ce mutane ba su san darajar bincike ba, ta ce matan rumfar nan su ne suka yi laifi. A rana ta uku ta ce wa mahaifinta za ta tabbatar masa ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, ta ɗauko kwamfutarta, ta nemo muryar Inna, suka zauna a inuwar darbejiya ta kunna.

Hirar awa ɗaya ce da minti goma. Rahina ta rubuta minti arba'in na farko a littafinta, domin nan tambayoyinta suka ƙare, kuma tun daga lokacin ba ta taɓa wuce wurin ba. A minti na sha biyu Inna ta ce Ummu ta ga irin kayan a tele. Rahina ta dubi mahaifinta, wai ka ji ko. Ya ce ta bar shi ya ci gaba. A minti na arba'in aka ji sallamar namiji, aka ji ƙarar jan batiri. Ashe na'urar ba a kashe take ba, kuma Inna ba ta gama ba.

Muryar tsohuwar ta yi ƙasa. Ta ce ita marainiya ce, daga wani ƙauye kusa da Lugu aka kawo ta gidan miji da tabarma ɗaya da kwano ɗaya. Ranar ganin ɗaki dangin miji suka shigo, suka duba bango huɗu, suka fita ba wadda ta ce Allah ya sa alheri. Shekaru kafin ta fara haihuwa ana kiran ta Mai Kwano Ɗaya a gidan, in an yi baƙi sai ta aro kwano a maƙwabta. Gonar daga baya ta zo mata, da aka raba gadon kakanta. Ranar da aka nuna mata iyakarta ta tsaya a gindin gawo ta yi alkawari cewa in Allah ya ba ta ɗiya mace, ba wanda zai leƙa ɗakinta ya fita shiru. Lokacin babu tele a Dogon Dutsi sai a gidajen manyan ma'aikata. Ta ce ko Abdussalamu bai san wannan ba, ta gaya wa Rahina ne don ta ga yarinya ce mai hankali.

A tsakanin maganar ana jin wata murya tana cewa, "Eh, Inna. Haka ne, Inna. Eh." Muryar Rahina ce, kuma ko kurma ya san mai ita ba ta wurin. Ta tuna inda idonta yake a lokacin: a kan wanda ke durƙushe gaban batiri.

Ta kife kai a gwiwa ta yi kuka sosai. Kunya ce ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba. Ta tona wa tsohuwar asiri, sannan abin da ta tona ɗin ma ba daidai ba ne. Mace ta riƙe alkawari shekara da shekaru ta cika shi da gonarta, ita kuma ta shiga rediyo ta ce tele ce ta yi mata tunani.

Da ta share ido ta ce gobe za ta koma rediyo ta gyara. Mushe Zakariya ya tambaye ta da me za ta gyara. Ba yadda za ta wanke Inna sai ta ba da labarin kwano ɗaya, wanda ko ɗan da Inna ta haifa ba a gaya wa ba. Ya ce to ta gani, abin da ya rage mata shi ne ta yi shiru, ta je ta ba da haƙuri, ta jira. Wannan karon ba ta yi dariya ba.

Ranar Juma'a ta je. Ta durƙusa a ƙofar ɗakin Inna ta yi gaisuwa, aka amsa daga bayan labule. Ta ce ta zo neman gafara, ta yi laifi, ba ta da hujja. Inna ta ce ta ji, ta gaida gida. Labulen bai motsa ba. Juma'a ta gaba ma haka, ta gaba ma haka. Babbar Salla ta zo ta wuce, ranar da aka sa ta zo ta wuce, Rahina ta wuni a ɗaki. Ƙawayenta suka ce ta rabu da su mana, mai digiri uku ba ta rasa miji a Yamai. Wata ma ta ce tsohuwar jan aji take yi. Rahina ta ce ko jan aji ne, ajinta ne.

Ta kuma tafi Yamai ta gaya wa malamar da ke duba aikinta cewa za ta cire babi na huɗu. Malamar ta ce babin nan shi ne ƙashin bayan littafin, in aka cire shi ba za ta kare digirinta a bana ba, sai baɗi, kuma gurbin koyarwar da ake riƙe mata wani zai samu. Rahina ta ce ta sani. Ta ce akwai mata arba'in da ɗaya da ta yi hira da su, duk za ta koma ta saurari muryoyinsu har ƙarshe, domin ba ta san sau nawa ta tashi mutum bai gama magana ba. Haka ta yi duk daminar nan. Ta tarar talla tana da hannu, ba ta yi ƙarya ba, amma kusan kowace mata tana da wani abu da ya riga tallar zuwa.

Abdussalamu bai daina zuwa gaida Mushe Zakariya ba. Yakan zauna a zaure su yi hirar damina da tsadar kaya, in Rahina ta kawo ruwa ya tambaye ta aiki, ta ce da godiya. Sau ɗaya ya ce mata har yanzu bai gane me ya sa Inna ta riƙe abin da zafi haka ba, gona ce dai da kwanuka. Rahina tana da amsar a bakinta, amsar da za ta iya sa ya je ya lallashi mahaifiyarsa a ranar. Ta haɗiye ta. Ta ce masa ya dai bar cewa almubazzaranci a gaban Inna.

Sai da aka yi kaka, amalanke suna wucewa da dammunan gero ta ƙofar gidajen mutane, sannan Ummu ta zo ta ce Inna na kira. Rahina ta tarar labule a ɗage. Inna Habsatu tana zaune a bakin gado, Abdussalamu yana gefe a ƙasa, da alama shi ma kiran sa aka yi.

"An ce kin hidda ni daga littahinki," in ji Inna.

Rahina ta ce haka ne.

"Wa yac ce ki hidda ni? Da kinka sa ni ba ki tambaye ni ba. Da kinka hidda ni ma ba ki tambaye ni ba. Ke haka boko ya koya miki, kullum ke ka yanke ma mutane?"

Ita Rahina a zatonta babbar sadaukarwa ta yi. Ta sunkuyar da kai ta ce ta sake yin laifi. Sannan Inna ta ce wata shida ke nan tana jira ta ji Mai Kwano Ɗaya a bakin mutane. Ta san yana cikin na'urar, ta kuma san ko ba daɗe ko ba jima Rahina za ta ji shi, kuma da shi za ta fi saurin wanke kanta. Kullum in ta fita tana kasa kunne a kasuwa da wajen biki. Ba ta ji ba. Ta gwada ɗanta ma da 'yan tambayoyi, ta ga bai san komai ba. Abdussalamu ya dubi wannan ya dubi waccan, ya tambaya wane kwano ake magana.

"Kin zo da injin naki?" in ji Inna.

Yana cikin jakarta, kamar kullum. Inna ta ce ta kunna, za ta faɗi labarin daga farko, a sa shi a littafi yadda yake, a karanta mata da Hausa kafin a kai Yamai. Ta ce kuma ba ta son sunan aro.

"Habsatu sunana. Shi ubana ya raɗa min. Amira ku ba wadda ta rasa nata." Ta juya wajen ɗanta. "Kai kuma tashi ka hita. Kai ka ɓata ta hwarko. Ina magana ɗiyar mutane tana ce min eh, eh, idonta na bisa batiri."

Abdussalamu ya fita da sauri har ya bar takalmi ɗaya. Rahina ta rufe fuska da mayafi, tana dariya tana hawaye. Ashe tun ranar tsohuwar ta gani. Hirar ta ɗauki awa biyu, kuma Rahina ba ta taɓa na'urar ba sai da Inna da kanta ta ce ta gama.

An ɗaura auren bayan wata biyu. Ɗakin yadda suka shirya yake, gado da tabarma da kantar littattafai. Ranar ganin ɗaki mata suka shigo suna dube-dube, har an fara taɓe baki, sai ga Inna Habsatu da abu a ƙunshe cikin zane. Ta kwance. Wani tsohon kwanon sha ne, fentinsa ya ɓare a baki, gindinsa ya sha liƙi. Ta ture littattafai biyu gefe ta ɗora shi a tsakiyar kantar, ta juyo ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya, har da wadda ta yi mata maraba a rumfa.

"Da wanga anka kawo ni," in ji ta. "Allah shi sa alheri."

Duk ɗakin aka amsa da amin.

Rahina ta kare digirinta a shekarar da ta biyo, ta sami koyarwa bayan wata shekarar. Kwanon yana nan a kantarta. Duk ɗalibin da zai fita bincike sai ta gaya masa abin da ya ci mata shekara guda kafin ta koya: takarda da dangwalen yatsa ba su ne amana ba, wanda ya ba ka labarinsa ajiya ya ba ka, kuma mai ajiya ba ya tashi sai mai kaya ya gama magana. Haƙurin da ta yi a ƙofar labule shi ya mayar mata da mijinta, amma bakin da ta kama shi ya sa aka ɗaga labulen.